Da wane mudu ake auna masu binciken lafiya na Asibitin Malam?

A duk shekara, daidai lokacin da damina ke naɗe tabarmarta tsakanin Satumba da Oktoba, wata kaka takan kama a jami'o'in ƙasar nan, wato kakar taya murna. Hotunan farfesoshi da daktoci su cika Facebook da zaurukan WhatsApp, an ƙawata su da tambarin jami'a, an rubuta cewa wane ya shiga sahun kashi biyu cikin ɗari na fitattun masana kimiyya a duniya. Hukumomin jami'o'i su fitar da sanarwa, jaridu su ɗauka, dangi da abokan arziki su yi ta sa albarka. Jami'ar Bayero ma takan samu nata rabon. Idan kuwa ana zancen masu binciken lafiya a Kano, ido kan koma wuri guda, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya a Gyaɗi-Gyaɗi, cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni, inda malaman likitanci ke raba yininsu tsakanin ɗakin duba marasa lafiya da aji da teburin rubutu.

Murnar tana da dalili, kuma ba mai hana ta. Sai dai ɗan kasuwar da ya saba da tiya da mudu ya san ba a karɓar awo sai an kifa kwanon an duba gindinsa. Ma'aikacin gwamnati ma ya san yadda fom ɗin kimanta aiki na ƙarshen shekara ke iya ɗaga malalaci ya danne haziƙi. Dukansu suna da ruwa da tsaki a wannan magana: daga ribar kamfanoni ake yanko kuɗin da asusun TETFund ke raba wa masu bincike, daga baitulmali ake biyan albashin farfesa, ranar da ciwo ya tsananta kuma Asibitin Malam ake nufa. Waɗannan alƙaluma suna cikin abubuwan da ake dubawa a yau kafin a ƙara wa malami girma, kafin a ba shi tallafin bincike, kafin wata jami'a a Ingila ko Saudiyya ta yi masa tayin aiki. Ya dace jama'a su san abin da suke aunawa.

Yadda awon yake

Asalin abin ba shi da wuya. Duk masanin da ya rubuta maƙala a mujallar kimiyya, wajibi ne ya jera a ƙarshenta ayyukan da ya dogara da su. Kowane aiki da ya shiga wannan jeri ya samu ambato guda. Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya yi fice wajen tattara waɗannan ambatoci a ƙirga su, kundinsa kuma ya fara fitowa a 1964. Manufarsa ta farko ita ce a sauƙaƙa wa masu bincike gano wanda ya ɗora a kan aikin wane, a kuma taimaka wa ma'aikatan laburare su san mujallar da ta cancanci saye. Auna darajar mutum ɗaya da wannan lissafi daga baya ya shigo.

A 2004 aka buɗe manyan rumbuna biyu da suka sauya al'amarin, Scopus na kamfanin Elsevier da kuma Google Scholar. Shekara guda bayan haka, Jorge Hirsch, masanin fiziya a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, ya kawo ma'aunin da aka sani da harafin h. Idan likita yana da maƙaloli 20 da aka ambaci kowacce cikinsu aƙalla sau 20, to awonsa 20 ne. Idan wani yana da maƙaloli biyar kacal amma an ambaci kowacce sau dubu, awonsa biyar ne, ko da kuwa ɗaya daga cikinsu ta sauya yadda ake maganin wata cuta a duniya baki ɗaya. Awon ba ya raguwa, sai dai ya tsaya ko ya ƙaru, don haka dattijon da ya ajiye alƙalami shekara goma da suka wuce zai ci gaba da rinjayar matashin da ke tashe.

Jerin kashi biyu cikin ɗari da ake yi wa biki kuwa, aikin Farfesa John Ioannidis ne na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa, wanda suka fara fitarwa a 2019 daga bayanan Scopus. Jami'ar Stanford ba ta zama ta zaɓi kowa, babu kwamitin tantancewa, babu lambar yabo. Lissafin kwamfuta ne. Adalci ne a ce ya fi ma'aunin Hirsch tsari: yana kwatanta mutum da 'yan fanninsa, yana nuna yadda lamba za ta kasance idan an cire ambaton da mutum ya yi wa kansa, yana kuma ba da nauyi na musamman ga maƙalolin da sunan mutum ya zo a farko ko a ƙarshe. Akwai wani jerin kuma, AD Scientific Index, da ke fitowa daga Turkiyya, wanda ya dogara da shafukan da malamai ke buɗa wa kansu a Google Scholar. Jaridunmu sukan cakuɗa su duka su kira su “fitattun masanan duniya”, alhali mudun kowanne daban.

Inda algus ke shiga

Malaman hadisi sun riga kowa gane cewa yawan masu ruwaya ba ya wadatarwa sai an san su wane ne, shi ya sa suka kafa fannin tantance maruwaita, suka bambanta amintacce da mai rauni da maƙaryaci. Ƙidayar ambato ba ta da wannan fanni. Wanda ya ambace ka don ya yaba da wanda ya ambace ka don ya ƙaryata ka, kowanne maki ɗaya ya ba ka. Maƙalar nan ta Andrew Wakefield da mujallar Lancet ta buga a 1998, wadda ta jefa shakku a kan rigakafin ƙyanda, an tabbatar ba ta da tushe, an janye ta a 2010, an kuma soke lasisin mai ita. Duk da haka an ambace ta fiye da sau dubu, adadin da mafi yawan ayyukan ƙwarai ba za su taɓa gani ba.

Sannan duk abin da aka mayar ma'auni, sai an samu masu lanƙwasa shi. A 2024 wasu masu bincike a Jami'ar New York reshen Abu Dhabi suka ƙirƙiri masanin bogi, suka biya dala 300 aka sayar musu da ambato 50, Google Scholar ya ƙirga su ba tare da ya yi tari ba. A shekarar ce kuma wasu matasan masana suka buɗa wa wata kyanwa mai suna Larry shafi, suka loda takardun shirme masu ambaton juna, har kyanwar ta samu awon h na 11 kafin a ankara a goge. A 2023 an janye maƙaloli sama da 10,000 a duniya, mafi yawansu daga mujallun kamfanin Hindawi. Akwai kuma mujallun 'yan damfara da ke buga duk abin da aka aika musu muddin an biya, waɗanda wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya riƙa jera sunayensu har zuwa 2017. Malamin da aka matsa wa lamba ya kawo takardu kaza kafin a ƙara masa girma, ga ƙarancin kuɗin bincike, ga yajin aiki, shi ne abokin cinikinsu na farko.

Wata hanyar kuma halal ce, amma tana kumbura lamba. Akwai wani gagarumin aiki na ƙididdige cututtukan duniya da ake jagoranta daga Jami'ar Washington a birnin Siyatil, wanda maƙalolinsa ke fitowa a Lancet ɗauke da sunayen ɗaruruwan marubuta, wani lokaci fiye da dubu. Ana ambaton irin waɗannan maƙaloli sau dubbai, kuma a lissafin Hirsch kowane suna a jerin yakan kwashi adadin gaba ɗayansa, da wanda ya tsara aikin da wanda ya duba shafi biyu ya aika gyara. Aikin kansa yana da amfani ƙwarai. Amma idan aka ga lambar wani ta yi tsalle cikin shekara biyu, ya kamata a tambaya daga ina ruwan ya shigo.

Akwai kuma bambancin fanni. Mai bincike a kan kansa ko ciwon sukari yana da dubban abokan sana'a a Turai da Amurka da Sin waɗanda za su karanta shi su ambace shi. Mai bincike a kan cutar da ta fi damun talakan karkara yana rubuta wa 'yan tsiraru ne. Ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, wanda likitoci a Zariya suka bayyana tun shekarun 1970, kuma Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Malam ya shafe shekaru yana bin diddiginsa, ya fi yawa a ƙasar Hausa fiye da kusan ko'ina. Yawan masu ambaton aikin ba zai taɓa yin daidai da yawan gidajen da ciwon ya shiga ba.

Haɗin gwiwa: wa ke riƙe da alƙalami?

Ma'auni na biyu da aka fi so a yanzu shi ne yawan abokan aikin da mutum ke da su a ƙasashen waje. Masu jera jami'o'i na Times Higher Education suna ba da maki a kan haka, masu ba da tallafi ma suna dubawa. Akwai hikima a ciki, domin babban gwajin magani yana buƙatar kuɗi da na'urori da masana lissafi da ba kasafai asibiti ɗaya ke haɗa su ba. Amma Kano ta fi kowane gari a ƙasar nan sanin cewa haɗin gwiwa iri-iri ne.

A 1996, shekarar da Asibitin Malam ya koma mazauninsa na dindindin bayan kafa shi a 1988, annobar sanƙarau ta auka wa Arewa ta kashe dubban mutane. A lokacin ne kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a gwajin da ya shafi yara kusan 200. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye kuma suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba. Daga baya aka gano cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna an rubuta ta ne bayan an kammala gwajin. A 2009 aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Raunin da abin ya bari a zukata yana cikin abin da ya rura ƙin rigakafin shan inna a 2003. A takarda, wannan ma haɗin gwiwa ne da ƙasar waje.

Ko a ayyukan da ba su da irin wannan tabo, akwai tambayar matsayi. A al'adar mujallun likitanci, sunan farko na wanda ya ɗauki nauyin aikin ne da rubutunsa, na ƙarshe na jagoran da ya tsara, sauran suna tsakiya. Wani nazari da mujallar BMJ Global Health ta buga a 2019 ya duba maƙaloli kusan 7,100 a kan lafiya a Afirka kudu da Sahara daga 2014 zuwa 2016. Ya gano cewa idan abokan aikin daga manyan jami'o'in Amurka suke, ɗan ƙasar da aka yi binciken a cikinta yakan zo na farko ne a kashi 23 cikin ɗari kawai, kuma sama da kashi 13 cikin ɗari na maƙalolin ba su da sunan ɗan ƙasa ko ɗaya. Wato mu ke tara marasa lafiya, mu ke ɗibar jini, mu ke fassara wa uwa takardar amincewa, wasu ke ɗaukar alƙalami.

Da wannan idon ya kamata a kalli abin da ya fito daga Gyaɗi-Gyaɗi a 'yan shekarun nan, domin akwai abin kallo.

Ana haifar jarirai kimanin 150,000 da amosanin jini a Najeriya duk shekara, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Ɗaya daga cikin mafi munin abin da ciwon ke jawowa shi ne shanyewar ɓarin jiki tun yaro yana firamare. A Amurka an san mafita tun 1998: a auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na'ura, duk yaron da nasa ya yi sauri fiye da ƙima a riƙa yi masa ƙarin jini kusan kowane wata. Duk wanda ya taɓa neman leda ɗaya ta jini a Kano ya san wannan ba hanyar da talaka zai iya bi ba ce shekara da shekaru. Sai likitocin Asibitin Malam da na Asibitin Murtala da na Barau Dikko a Kaduna suka haɗa kai da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka gwada ƙwayar haidroksiyuriya a kan yara 220, rabi a ƙaramin awo na miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin yaro, rabi a miligiram 20. Sakamakon ya fito a mujallar Lancet Haematology a farkon 2022: yara uku ne suka samu shanyewar jiki a rukunin farko, biyar a na biyu, adadin da ya yi ƙasa sosai da abin da aka sani ga yaran da ba a yi wa komai ba. Awon da ya fi yawa ya rage kwanciya a asibiti. Sunan farko a maƙalar na Shehu Umar Abdullahi ne, likitan yara na Asibitin Malam, sai na Binta Wudil Jibir da Halima Bello-Manga da Safiya Gambo a biye, na Farfesa Michael DeBaun na Vanderbilt a ƙarshe. Aikin ya bar ma'aikatan da aka horar da na'urori a asibitocin jiha, masu binciken kuma sun ba da rahoton cewa Gwamnatin Kano ta amince ta riƙa ba irin waɗannan yara maganin kyauta. Ambaton da maƙalar za ta samu ba zai kai na wata matsakaiciyar takarda a kan kansar nono ba. Lambar da ta fi dacewa da ita ita ce yara nawa aka auna bana, kuma ko maganin yana kan kanta a ɗakin magani ranar da uwa ta zo karɓa. Scopus ba ya ajiye wannan lissafi, Ma'aikatar Lafiya ta jiha ce ya kamata ta ajiye ta kuma bayyana.

Na biyu shi ne zubar jini bayan haihuwa. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna mata kimanin 75,000 ne suka rasu a Najeriya a 2023 sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya, kuma zubar jini na kan gaba a cikin dalilai. Matsalar ita ce ungozoma na kimanta jinin da ido, sau da yawa kuma sai ya wuce gona da iri kafin a farga. Gwajin E-MOTIVE, wanda Jami'ar Birmingham da Hukumar Lafiya ta Duniya suka jagoranta a asibitoci kusan 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, ya shafi haihuwa sama da 200,000. An shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai ma'auni da ke tara jinin, da ya kai alama sai a haɗa mata dukkan matakan ceto a lokaci guda maimakon a bi su ɗaya bayan ɗaya. Zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayansa ya sauka daga kashi 4.3 zuwa kashi 1.6 cikin ɗari. An buga sakamakon a New England Journal of Medicine a 2023, kafin shekarar ta ƙare kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tsarin cikin shawarwarinta. Farfesa Hadiza Shehu Galadanci, shugabar cibiyar nazarin lafiyar al'umma ta ACEPHAP a Jami'ar Bayero, ita ta jagoranci ɓangaren Najeriya, mujallar TIME kuma ta sa ta cikin mutum 100 mafi tasiri a harkar lafiya a 2024. A nan ambato da tasiri sun hau jirgi ɗaya. Amma a lura, sunan farko da na ƙarshe a maƙalar na wasu ne, ba nata ba, don haka lissafin da ke fifita waɗannan gurabu biyu zai rage mata kaso a aikin da ba zai yiwu ba sai da irinta. Ungozomomin da suka riƙa karanta ma'aunin cikin dare kuwa ba su da shafi a ko'ina.

Na uku, sarar maciji. Farfesa Abdulrazaq Garba Habib yana cikin tawagar da ta gwada magungunan dafi biyu a kan mutum 400 da kububuwa ta sara a Kaltungo ta Jihar Gombe, aikin da aka buga a 2010, yana kuma cikin masanan da rubuce-rubucensu suka nuna girman matsalar a Afirka ta Yamma kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da sarar maciji cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a 2017. Fanni ne mai ƙarancin marubuta, manomi da makiyayi ne ke cin moriyarsa. Haɗin gwiwar ta yi amfani, amma ta bar giɓi a fili: macizan namu ne, an tatsi dafinsu a Libaful, an sarrafa maganin a Birtaniya da Kosta Rika, har yau kuma daga waje ake shigo da shi.

Mujallar gida da kuɗin bugu

Akwai wani ɓangare da ba a cika faɗa ba. Manyan mujallu da yawa suna karɓar kuɗi daga marubuci idan yana son kowa ya karanta aikinsa kyauta. Mujallar Nature ta sa Yuro 9,500 a 2021, abin da ya haura naira miliyan goma a canjin yau. Wasu sukan yi rangwame ga ƙasashe matalauta, amma ba kullum ba. Wanda ba shi da abokin aiki a waje da zai biya, sai ya koma mujallar gida, irin wadda Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Jami'ar Bayero ke fitarwa ko Annals of African Medicine ta Sakkwato. Wasu daga cikin mujallun gida sun shiga manyan rumbuna, da yawa ba su shiga ba, sai dai a same su a rumbun African Journals Online. Abin da bai shiga Scopus ba, a wurin jerin Ioannidis tamkar ba a rubuta shi ba ne, ko da shi ne likitan Wudil ko na Gwarzo ya karanta ya gyara yadda yake ba da magani.

Sakamakon haka a bayyane yake. Matashin likita mai wayo zai lura cewa bin sawun tambayar da ke damun masu ba da tallafi a Landan ya fi saurin kai shi kujerar farfesa fiye da bin tambayar da ke damun majinyacin da ke gabansa. Idan lambarsa ta yi kyau kuma, ita ce takardar tafiyarsa. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kimanin 16,000 ne suka bar ƙasar cikin 'yan shekaru. Ba mai zargin wanda ya tafi neman inda za a biya shi haƙƙinsa, sai dai tsarin da muke auna mutanenmu da shi yana koya musu tun da wuri cewa darajarsu a hannun baƙi take.

Su kansu masu mudun sun fara ja da baya. Sanarwar San Faransisko ta 2012, wadda dubban cibiyoyi da masana suka sa wa hannu, ta nemi a daina auna mutum da sunan mujallar da ya yi bugu a ciki. Ƙa'idojin Leiden goma da aka fitar a 2015 sun ce lamba ta taimaka wa hukuncin masana, kada ta maye gurbinsa, sun kuma yi kira a kare binciken da ke da amfani ga mutanen wuri. Wasu manyan masu ba da tallafi a Turai sun koma neman mutum ya rubuta da kalmominsa abin da aikinsa ya sauya. Abin mamaki ne a ce lokacin da masu abin ke sassauta riƙo, mu muke ƙara ƙanƙame shi.

Ba ana cewa a jefar da alƙaluman ba ne. A ƙasar da sanayya da ɓangaranci ke iya shiga ɗakin ƙarin girma, lambar da kowa zai iya dubawa a intanet kariya ce ga wanda ba shi da uwa a gindin murhu. Abin da ake buƙata shi ne kwamitin ƙarin girma ya ƙara wasu tambayoyi a kai. Malami ya zaɓi ayyukansa biyar mafi muhimmanci, a karanta su da gaske, ya faɗi abin da shi da hannunsa ya yi a kowanne. A tambaya ko wani aikinsa ya shiga ƙa'idar magani ta ƙasa ko ta jiha, ɗalibai nawa ya yaye da suka zama masu bincike, kuma a haɗin gwiwar da ya shiga, a ina aka ajiye samfurin jini da bayanan marasa lafiya, wace na'ura aka bari, wa aka horar. Irin wannan tantancewa tana cin lokaci fiye da kallon lamba ɗaya, shi ya sa ake gudunta.

Akwai kuma dalilin gaggawa. Gwajin amosanin jini da aka ambata, Cibiyoyin Kiwon Lafiya na Ƙasar Amurka suna cikin waɗanda suka ɗauki nauyinsa. A ranar 1 ga Mayun 2025 cibiyoyin suka sanar da dakatar da tsarin da jami'ar Amurka ke karɓar tallafi ta yanka wa abokiyar aikinta ta ƙetare, har sai an fito da sabo, a shekarar da aka rushe hukumar USAID. Ta irin wannan ƙofar kuɗin bincike da yawa ke shigowa asibitocin koyarwa na Afirka. Ƙasashen Tarayyar Afirka sun daɗe da alƙawarin ware kashi ɗaya cikin ɗari na arzikinsu ga bincike, Najeriya ba ta ko kusanta ba, abin da TETFund ke rabawa kuma bai isa ya riƙe gwajin shekara biyar a asibitoci da yawa ba.

Attajiran Kano ba baƙi ba ne wajen taimakon jami'a da asibiti. Gidauniyar Ɗangote ta gina wa Jami'ar Bayero makarantar koyon kasuwanci da aka buɗe a 2018, wasu masu hali kuma sun gina ɗakunan kwanciya da masallatai da rijiyoyi a asibitoci. Gini yana da allon da ake rubuta suna a jiki. Albashin ma'aikaciyar jinya mai bin yara 220 gida-gida, da man janareton da ke riƙe firjin samfurin jini, da kuɗin masanin lissafin da zai zauna a Gyaɗi-Gyaɗi maimakon Nashbil, ba su da allo. Waɗannan su ne kuɗaɗen da mai biyansu ke da bakin cewa wace cuta za a bincika da kuma sunan wa zai zo a farko, kuma zuwa yanzu mafi yawansu da dala da fam ake biya.